A bar tarwaɗa cikin yauƙinta: yadda ake taɓa kifin kiwo ba a jawo masa cuta ba

Shekarar da na ajiye alli, bayan shekara 35 ina koyar da bayoloji a sakandare, na gina tankunan siminti uku a bayan gidana da ke Arkilla a Sakkwato na zuba tarwaɗa. Zubin farko 'ya'ya 2,000 ne masu tsawon yatsa. A sati na uku na ga wasu sun tsere wa 'yan'uwansu a girma, an kuma gaya mini in ba a raba su ba manyan za su cinye ƙananan. Sai na tara yaran gida da hantsi muka hau aiki. Muka shimfiɗa busasshen buhun shinkafa a ƙasa, muna kwaso kifi da kwandon roba mai kaifin ido, muna juyewa a kan buhun, muna tsinta da hannu. Da santsi ya ishe ni sai na sa aka kawo tsohon tawul, in damƙi kifi da shi, in duba, in jefa. Har ina jin daɗi wai na yi dabara.

Kwana uku shiru. Rana ta huɗu na fara ganin fari-fari a gadon bayansu, kamar an ɗiga musu koko. Daga nan sai jan gyambo a gefen ciki, gashin baki ya guntule, wasu suka tsaya cak a ruwa, kai sama wutsiya ƙasa. Kafin kwana goma na binne fiye da 700. Na zargi mai ƙyanƙyasa, na zargi abinci, na zargi ruwan rijiya, har kambun baka sai da ya zo mini a rai.

Akwai wani dattijo basarke a Kwalkwalawa da na daɗe ina sayen kifi a hannunsa. Na kai masa kukana a bakin gulbi yana gyaran koma. Bai ɗago kai ba ya ce, "Malam, da mi kak kama su?"

Na ce, "Da tawul, Baba."

Sai ya ajiye komar. "Ashe kai kat tuɓe musu riga da hannunka. Yauƙi shi ar rigak kihi. Mu in muna son kihi shi kwana da rai cikin gora, ba mu taɓa shi da busasshen hannu."

Kunya ta kama ni, domin na zana kifi a allo ba adadi, kuma abin da nake gaya wa ɗalibai game da yauƙi bai wuce cewa yana rage gogayya da ruwa ba. 'Yata da ke karatun kiwon kifi a Jami'ar Danfodiyo ce ta riƙa kawo mini takardu daga baya, na zauna na karanta abin da ya kamata in sani tun kafin in sayi buhun siminti.

Abin da ke cikin yauƙin

Saman fatar mutum matacce ne. Busassun ƙwayoyin halitta ne a jere kamar jinka, su ne ke tashi fari idan ka sosa ƙauri da hunturu. Fatar kifi kuwa rayayya ce har waje, tana manne da ruwan da kifin ke ci a ciki, yake kuma kashi a ciki. Ɗigo ɗaya na ruwan tanki yana ɗauke da dubban bakteriya, kuma abin da ya shiga tsakaninsu da naman kifin shi ne wannan siririn yauƙi. Tarwaɗa ba ta da ɓawo ko ɗaya, saboda haka shi ne ƙofarta, shi ne katangarta. Karfasa mai ɓawo ma ba ta tsira ba, don ɓawon nata a ƙarƙashin wata siririyar fata mai rai yake. Duk ɓawon da ya fita ya manne a tafin hannunka, rauni ne ka buɗe.

A cikin fatar akwai wasu ƙwayoyin halitta masu siffar ɗan tulu, aikinsu tsiyayo da yauƙi dare da rana. Sabo na fitowa, tsoho na zubewa da duk abin da ya liƙe masa. Wannan shara ce kawai, kuma tana kawar da kaso mai yawa na masu neman shiga. Waɗanda suka nace su ne ke gamuwa da furotin ɗin da ke narke a ciki.

Na farkonsu laisozayim. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, shi ya fara lura da shi tun a ƙarshen 1921 a Landan, lokacin da mura ta kama shi ya ɗiga majinarsa a kan bakteriyar da yake rainon ta, ya ga ta narke. Yana cikin hawayenmu da yawunmu da farin ƙwai, yana kuma cikin yauƙin kifi. Yadda ruwan damina ke cin gindin katangar ƙasa har ta zube, haka yake cin bangon wasu bakteriya har su fashe.

Sai waɗanda suka fi ba ni mamaki, wasu gajerun furotin da tsawonsu bai cika wuce tubali ashirin da 'yan kai ba. Tubali a nan su ne ƙananan gutsattsarin da ake jerawa a gina furotin. Waɗannan gajerun suna ɗauke da cajin lantarki akasin wanda ke fatar bakteriya, don haka suna ganin ta sai su manne kamar maganaɗisu da ƙusa, su kutsa, su huda ta kamar an caka wa salka tsinke, abin cikinta ya tsiyaye. Ƙwayoyin jikin kifin ba su da irin wannan caji a waje sosai, shi ya sa galibi ake tsallake su. A 1997 masu bincike a Amurka suka fitar da guda daga yauƙin wani faffaɗan kifin teku suka kira shi fulorosidin. A 2001, a Amurkar dai, aka gano dangin fisidin, waɗanda daga baya aka same su har a karfasa irin tamu. Amma wanda ya kamata mai kiwon tarwaɗa ya riƙe shi ne farasin, wanda aka gano a Koriya ta Kudu a 1998 a jikin wata 'yar'uwar tarwaɗa ta ƙasashen can. Tubalinsa 19 kacal. Sai an ji wa kifin ciwo yake bayyana: fatar na samun rauni sai wani sinadari ya yanko shi daga jikin furotin ɗin da ke naɗe ƙwayar gado, ya sake shi cikin yauƙi a bakin raunin. Wato kifin na da kantin maganinsa a jikinsa, yana buɗe shi a daidai inda aka ji masa ciwo. Ni kuwa na sa tawul na goge kantin da abin da ke ciki.

Akwai sauran ma'aikata. Wasu furotin ɗin suna kama bakteriya su ɗaure su dami-dami don kada su yi yawo. Wani yana ƙwace sinadarin ƙarfe ya ɓoye, don bakteriya ba sa hayayyafa sai da shi. Akwai kuma masu tuna fuskar abokin gaba, irin waɗanda allurar rigakafi ke tayarwa a jikin yaro: kifin da ya yi cutar farin ɗigo ya tashi, ana samun su a yauƙinsa suna jiran dawowarta. A saman duk wannan akwai bakteriya na gida, marasa cutarwa, da suka cika wurin har baƙo ya rasa masauki.

Abu ɗaya ke kwance wa wannan runduna ɗamara, shi ne firgici. Kifin da aka kora, aka matse, aka bari a iska, jikinsa na sakin wani sinadari da ake kira kotizol, wanda in ya daɗe a jini yana danne garkuwar jiki. Bakteriyar da ke kawo jan gyambo, Aeromonas, da wadda ke kawo farin tabo da cin fiffike, kolumnaris, ba daga wani gari suke zuwa ba. Suna nan cikin ruwanka kullum, kifi na ganinka mai jar koma. Ƙofa suke jira.

Ranar raba kifi

Raba manya da ƙanana dole ne ga mai tarwaɗa, musamman a watanni biyun farko, kusan duk sati biyu. Tunda ba makawa sai an taɓa, ga yadda nake yi yanzu.

Aikin yana farawa tun jiya. Ka tsayar da abinci awa 24 kafin lokaci. Kifi mai cikakken ciki in ya firgita amai yake yi, ya yi kashi a baho, ruwan ya ɓaci cikin minti kaɗan. Ka kuma haɗa komai tun dare, ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi yawan ɓarnar da na gani tana faruwa ne a lokacin da kifi ke kwance a waje ana kiran yaro ya nemo bokiti.

Lokaci ya danganta da yanayi. Da bazara, watan Afrilu da Mayu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ana idar da sallar Asuba nake farawa, in gama kafin rana ta leƙo tankin. Da hunturu kuwa akasin haka: in jira hantsi ya dubi ludayi ruwa ya ɗan yi ɗumi, in kuma sanyin ya yi tsanani in ɗage aikin gaba ɗaya. Tarwaɗa ta fi jin daɗi tsakanin digiri 26 da 30. A ruwa mai ɗumi fatarta na iya rufe ƙaramin rauni cikin awoyi, a ruwan sanyi aikin na jan ƙafa, shi ya sa fumfunar nan mai kama da auduga ta fi kama kifi a Disamba da Janairu.

Duk abin da zai taɓa kifi ya kasance jiƙaƙƙe, mai sulɓi. Koma ta zama mai laushi marar ƙulli. Gwajina shi ne in goga ta a kumatuna: in ta karce ni, ba ta shiga tanki. Kada ka kuskura ka yanka gidan sauron da ake rabawa ka yi koma da shi, maganin sauron da ke jikinsa guba ne mai ƙarfi ga kifi. Baho ya zama na roba mai santsin ciki, wanda Omo bai taɓa shiga ba, domin sabulu narkar da yauƙi yake yi kamar yadda yake narkar da maiƙon tukunya. Ni da ruwan gishiri mai kauri nake wanke kayan aiki, in shanya a rana, in sake jiƙawa kafin amfani. Hannu ma haka: cire zobe, wanke man shafawa da turare, ɗauraye sosai, sannan ka tsoma cikin ruwan tankin. Da hunturu da kowa ke laftar basilin sai na duba hannun yara ɗaya bayan ɗaya.

Rage ruwan tankin ya dawo kamar taki ɗaya, don kada ka yi ta tsere da kifi daga kusurwa zuwa kusurwa. Ɗebi kaɗan-kaɗan. In ka cika koma, na sama suna danne na ƙasa, ƙayoyin nan biyu na gefen kai suna soke na kusa, kuma a nan ake samun dogayen karce da za ka gani sun zama gyambo bayan kwana huɗu. Daga ruwa zuwa ruwa, wannan ita ce ƙa'idar. Baho uku da ruwan tanki a ciki, na manya, na tsakiya, na ƙanana, kana rabawa da tafin hannu a cikin ruwan kamar mai tsince tsakuwa a wake. Wanda ya faɗi ƙasa ya birkiɗa a yashi, kada ka goge shi, tsoma shi a ruwa yashin ya zube da kansa, ka ware shi daban.

In dole ka ɗaga babba, ɗora tafin hannu a kan ƙoƙon kanta, yatsu su zauna a bayan ƙayoyin, ɗaya hannun ya tallafi ciki. Kada ka matse. Mai matsewa shi tarwaɗa ke suɓuce wa, ta bar masa yauƙinta a hannu.

Abin da ke ruɗin mu da tarwaɗa shi ne taurin ranta. Tana da wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska da ita, don haka za ta yi awoyi a waje tana motsi, mu ce ai lafiya lau take. Numfashi ne ba ta rasa ba, amma iskar hunturu na busar da fatarta cikin 'yan mintoci. Ba ranar za ta mutu ba, sai sati ya zagayo, lokacin ka manta da abin da ka yi mata.

A nan ne Baba ya taɓa ba ni labarin gaiwa, wadda suke haƙowa a busasshiyar fadama da rani. In ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka, ta naɗe, ta yi ta fitar da yauƙi har ya bushe ya zame mata kwanso, ta bar 'yar kafa a saitin baki. Haka za ta kwana watanni tana cin jikinta, kamar yadda karin magana ya faɗa, har ruwa ya dawo. An daɗe ana ɗaukar kwanson nan mataccen abu ne mai hana bushewa kawai. A 2021 masu bincike a Jami'ar New Mexico ta Amurka suka nuna cewa rayayye ne, cike da fararen ƙwayoyin jini da suka fito daga cikin jiki suka tare a can, suna kama bakteriya kafin su kai ga fata. Da na gaya wa Baba sai ya ce su dai sun san in aka fasa mata ɗaki aka bar ta, ba ta kai damina.

Karanta kumfa, auna gishiri

Idan ka ga kumfa ta taru a saman baho ko jarka, ruwan ya yi kauri yana ja kamar miyar kuɓewa, yauƙi ne kifin ke zubarwa saboda wahala. Wasu na ɗiga manja don kumfar ta kwanta. Tana kwantawa kuwa, amma abin da ya kawo ta yana nan. Rage kifin, sauya rabin ruwan.

Gishiri shi ne abokin aikin da ya fi kowane arha, in an san dalilinsa. Jinin kifi na da gishiri kusan giram 9 a kowace lita, ruwan rijiya kuwa kusan babu. Saboda haka kullum ruwa na kutsawa cikin jikin kifi, gishirinsa na zurarewa waje, fata da yauƙi ne ke rage wannan. In sun sami rauni sai kifin ya koma kamar kwalekwale mai yoyo, ƙarfinsa duk ya tafi wajen kwarfar ruwa. Ɗan gishiri a ruwa na rage yoyon, yana kuma sa fata ta ƙara fitar da sabon yauƙi, ya takura wa wasu ƙananan ƙwari masu manne wa fata.

Bayan an gama rabawa ina sa giram 2 zuwa 3 a kowace lita, in bar shi kwana ɗaya ko biyu kafin in sauya ruwa. Lissafin ba wuya: tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa, a mita, sau 1,000. Tanki mai mita 3 da mita 2, ruwa rabin mita, lita 3,000 ke nan, gishiri kilo 6 zuwa 9. Jarka mai lita 25 kuwa giram 50 zuwa 75. Ga waɗanda suka ji rauni a fili akwai wanka na ɗan lokaci, giram 10 a lita na kamar minti 15, kana tsaye a kansu, wanda ya fara kifewa ka cire shi nan take. 'Yan ƙanana da ba su kai yatsa ba a sassauta musu ƙwarai. Sayi ɗan sikeli, kada ka auna da gwangwani ko da ido. Narkar da gishirin a bokiti tukuna, sannan ka zagaya da shi, domin ƙwayar gishiri in ta kwanta a fatar kifi ƙuna take yi. Gishiri tsantsa nake nufi. Na taɓa jin wani ya zuba kanwa wai ai duk ɗaya ne. Kanwa na ɗaga kaifin ruwa, ta ƙone fatar da kake neman ceto.

Ɗauko 'ya'ya daga wajen mai ƙyanƙyasa ma dokar ɗaya ce. A tabbatar bai ba su abinci ba, a yanke saman jarka don iska, kada a cika ta da ruwa, kada a cunkusa, a rufa da jiƙaƙƙen buhu, a yi tafiyar da sassafe. In ka iso kada ka juye. Sa jarkar cikin tanki ta yi minti 20 zuwa 30, kana ɗiban ruwan tankin kana ƙara mata kaɗan-kaɗan, sannan ka karkata ta su fita da kansu. Bambancin zafin da ya wuce digiri 2 ko 3 a lokaci guda ya isa ya buɗe ƙofar cuta.

Ruwa ma hannu ne

Ba sai ka taɓa kifi kake tuɓe masa riga ba. Sabon tankin siminti na fitar da sinadari mai kaifi irin na farar ƙasa, don haka a cika shi a zubar, a cika a zubar, na sati biyu, a gwada da takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami da kaifin ruwa, ta nuna tsakanin 6.5 da 8.5 kafin kifi ya shiga. Bangon ma a shafe shi sumul, kaushin siminti kankare ciki yake yi. Ruwan famfo na da kulorin, a tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ɗaya ko biyu. Na burtsatse ba shi da isasshiyar iska, a bar shi ya faɗo daga sama yana fantsama.

Babban maƙiyi dai amoniya ce, wadda ke fitowa daga jikin kifin da ragowar abincin da ya ruɓe. Dafinta na ƙaruwa da zafi da kuma kaifin ruwa: daga pH 7 zuwa 8 kason mai guba na ninkuwa kusan sau goma. Shi ya sa tankin da ya zauna lafiya a Janairu zai iya juya maka baya a Afrilu da adadin kifi ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza, in hancinka ya ji wari ka riga ka makara da kwana guda. Da bazara ina yi wa tankuna rumfar zana, da hunturu in rufe su da leda da dare in bar kafar iska.

Ka koyi duban fata kowace safiya wajen ba da abinci. Lafiyayyar tarwaɗa na sheƙi, launinta ɗaya. Wadda ta yi toka-toka kamar an shafa mata kamu, tana goga jiki a bango, yauƙi ne ya yi yawa don wani abu na cizon ta, ko ƙwari ko ruwa. Wadda ka taɓa ka ji kaushi kamar fatar ganga, nata ya ƙare, ita ce ke bakin rami. A duka biyun matakin farko sauya ruwa da rage abinci, na biyu gishiri.

Na uku ne magani, kuma a nan ina da ra'ayi mai zafi. Garin nan mai launin shuni da ake kira famanganet, da fomalin, suna kashe ƙwari, amma in an zarce ma'auni suna ƙone yauƙin da matattarar numfashi tare. Na ga wanda ya zuba har ruwa ya koma kamar zoɓo, washegari ya kwashe gawa. Su kuma kafso da garin oksitetirasaikilin da ake barbaɗawa a ruwa duk sati wai rigakafi, suna kashe bakteriyar gida da ke tsaron fata, su bar masu taurin kai su gāje wurin, ranar da cutar gaske ta zo maganin ya ƙi ci. Ragowarsa kuma na cikin naman da za a sayar a Kasuwar Daji mutane su kai gida. In gyambo ya bazu duk da sauya ruwa, ɗauki kifi biyu masu rai ka kai wa likitan dabbobi, ka bi ma'aunin da ya faɗa da kwanakin da za a jira kafin sayarwa.

Abinci kuma, yauƙi furotin ne, kifi mai yunwa ba ya saƙa riga mai kauri. Tarwaɗa ba ta iya haɗa bitamin C a jikinta, sai ta ci, kuma shi ne ke fara lalacewa in buhu ya daɗe a shago mai rufin kwano. Duba kwanan wata, ɗora buhu a kan katako a ɗaki mai sanyi, kada ka sayi na wata uku a lokaci guda.

Wani maƙwabcina da ya ji ina wannan bayani ya tambaye ni ko ya shafa yauƙin tarwaɗa a gyambon ƙafarsa. Na hana shi da babbar murya. Gaskiya ne tun shekarun 1980 Farfesa Jassim Al-Hassan na Jami'ar Kuwait ya yi ta bincike a kan wani kauri-kaurin yauƙi da wata tarwaɗar teku ke fitarwa in ta firgita, aka ga yana gaggauta warkewar rauni. Amma wancan wani kifi ne daban, kuma tacewa ake yi a ɗakin gwaji. Ɗanyen yauƙi daga tankinka na tafe da Aeromonas ɗin da ke iya cin naman mutum, balle mai ciwon suga. In ƙayar tarwaɗa ta soke ka, wanke da sabulu da ruwa mai gudu, jiƙa wurin a ruwa mai zafin da za ka iya jurewa, in ya kumbura ko ya yi ja ka tafi asibiti.

Uwargida kuwa har yau dariya take yi mini, wai na shekara ina lallashin abin da ita take kawarwa cikin minti biyar. Takan zuba wa tarwaɗa toka ko gishiri, ta murza, ta bi da lemun tsami ko ruwan zafi, yauƙin ya dunƙule fari ya fita, kifin ya yi ƙaraf-ƙaraf a hannu. Ranar nan na tarar ƙaramin jikana ya ɗauko bahonta, da sauran toka a gindinsa, zai taya ni raba kifi. Tun daga ranar na sayo bahuna shuɗɗa guda huɗu na rubuta musu "tanki" da fenti, na rataye su a ƙusa can sama inda hannunsa ba ya kai.